Farantin da Shef Ya Janye Daga Gaban Hajiya

Wata rana, Asabar ce bayan azahar, wani matashi mai suna Mudassir ya ɗauki mahaifiyarsa a mota ya nufi wani shahararren gidan abinci a Abuja.

Kafin mu shiga ciki, bari ku san ko wane ne Mudassir.

Ma'aikacin banki ne, ɗan Funtuwa, mai kirki, mai son uwarsa kamar ransa. Aibinsa guda ɗaya ne: bakinsa bai iya furta "ban sani ba." Ko hanya ya ɓata, gara ya ƙone rabin tankin mai da ya tsaya ya tambayi mai shago. Babban tsoronsa a duniya kar a kalle shi a ce baƙauye ne.

Gidan abincin kuwa na wani kuku ne da ake yawan nunawa a talabijin, Shef Nandom, mutumin Jos. Irin wuraren nan ne masu fuska biyu. Ta gaba mashaya ce, kwalabe jere har sama. Ta baya lambu ne da teburan cin abinci.

Mudassir bai taɓa kai giya bakinsa ba, wannan kowa ya shaide shi. In abokai suka yi masa tsiya sai ya ce, "Ni ba ruwana da gefen can. Abinci ya kawo ni."

Abincin kuwa guda ne: farfesun wutsiyar sa. Nama luguf, romo kauri, ƙamshi har bakin titi. Ya ɗauki hotonsa ya ɗora a shafinsa ya fi a ƙirga.

Mahaifiyar tasa, Hajiya Tasalla, ciwon gwiwa ya kawo ta Abuja. Tsohuwa ce mai tsantseni a kan abin da zai shiga cikinta. Ko biki ta je da kularta take zuwa. Nama in ba ta san wanda ya yanka ba, ta gode Allah ta ci gayan tuwonta.

Magungunan asibiti suka ɗauke mata cin abinci. Matar Mudassir ta yi tuwo, ta yi fate, ta yi kunu, tsohuwa sai ta yi loma biyu ta ture. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa.

Ran nan Mudassir ya sa aka ƙunso masa farfesun nan ya kai mata.

Ta dubi robar, ta dube shi, ta ce, "Ka san inda aka dafa?"

Ya ce, "Haba Hajiya! Kamar gidanmu na san wajen."

Ta ce, "To, tunda kai ka kawo. Bismillah."

Ta cinye tas, har ta suɗe ƙashi.

Daga nan ya zama abincinta. Azumi ya kama, da shi take buɗa baki bayan dabino. Jiki ya dawo, kumatu suka fito. Bayan Salla ta matsa sai an kai ta ta ga mai dafa shi, ta sa masa albarka da bakinta.

Abin da ya kawo su ke nan.

Mudassir, da wayonsa, ya shigar da ita ta ƙofar lambu don kar idonta ya faɗa kan kwalabe. Ya zaunar da ita a inuwa, ya ɗaga hannu kamar mai gidan, ya ce a kawo farfesu biyu, a kuma gaya wa Shef wata babbar baƙuwa tana son ganinsa.

Aka kawo faranti yana tururi.

Hajiya ta ajiye carbinta a gefe, ta gyara hijabi, ta wanke hannu a ɗan kwanon da aka ajiye mata.

Sai ga Shef Nandom ya fito da farar rigarsa ta aiki, yana murmushi, yana goge hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa tsantsa, irin ta wanda ya tashi cikin Hausawan Jos.

"Sannu da zuwa, Mama. Ina gajiya?"

Ta ji daɗi har ranta. Ta fara jero masa addu'a tana miƙa hannu cikin farantin.

Idonsa ya sauka kan carbin. Ya koma kan hijabin. Ya koma kan farantin.

Murmushin ya ɓace.

Kafin yatsunta su taɓa naman, ya sa hannu ya janye farantin daga gabanta.

Mutanen tebur na kusa suka juyo. Mudassir ya miƙe.

"Kai, wane irin wulaƙanci ne wannan? Mahaifiyata ce fa!"

Shef ya ce, "Shi ya sa, ranka ya daɗe. Mama, ki yi haƙuri, wannan ba naki ba ne. A cikin jar giya nake jiƙa naman nan ya kwana, da ita kuma nake haɗa romon."

Hannun Hajiya ya tsaya a sama, bai koma ba, bai ci gaba ba.

Mudassir ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji, ya ce ai wuta tana ƙone ta, ai ba ya bugarwa, ai ba wanda ya taɓa gaya masa.

Shef ya girgiza kai.

"Maganar wuta, malamanku za ka tambaya, ba ni ba. Ni Kirista ne, amma maƙwabciyarmu Musulma ce ta goya ni, na san abin da ba a ba irin su Mama. Batun ba a gaya maka ba kuma, doka ce a gidan nan duk wanda ya nemi wannan a karon farko sai an sanar da shi."

Ya juya ya kira ma'aikaciyar da ta saba hidimar teburin Mudassir. Ta zo tana sunkuyar da kai.

Ta ce, "Oga, na fara gaya masa ranar da ya fara zuwa da abokansa. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga mini hannu, ya ce ya sani, ya ci irinsa a ƙasar waje, kar in koya masa cin abinci."

Kuma wallahi Mudassir ya tuna. Ya tuna ranar, ya tuna teburin, ya tuna yadda abokan suka yi masa tafi. Shi da iyakar tafiyarsa Legas.

Hajiya ta sauke hannunta a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da wannan na yi ta buɗa baki?"



Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi ɗan nata ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Hawaye kawai suka gangaro, ta sa bakin hijabi ta share. Ta nemi ruwa ta sake wanke hannun da ko naman bai taɓa ba.

Sannan ta dubi Shef ta ce, "Ɗan nan, albarka na zo sa maka don ka iya girki. Yanzu ta gaskiyarka zan sa maka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka zuriya."

Shef ya ce amin, idonsa ya yi ja. Ya roƙe ta ta bari ya dafa mata wani abu da hannunsa a sabuwar tukunya, ta tsaya ta gani. Ta ce ta gode, cikinta ya rufe.

A mota Mudassir ya kasa tayar da inji. Ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ta yafe masa, wallahi bai sani ba.

Ta ce, "Ni ce ban sani ba, kuma Allah ya ga zuciyata. Na tambaye ka. Kai kuwa an zo gaya maka, ka ce a rufe maka baki."

Ta yafe masa, uwa ce. Wani malami da suka je wurinsa ma ya kwantar mata da hankali, ya ce wanda bai sani ba ba shi da laifi.

Amma akwai abin da bai dawo ba.

Hajiya ta koma Funtuwa. Mudassir yana zuwa gaishe ta, but ɗin motarsa cike da tsaraba. In kaza ce gasasshiya, sai ta ce a ajiye, an gode. In kilishi ne ko kek, sai ta ce a ajiye, an gode. Can da yamma sai ya ga an juye su cikin leda an dawo masa da su mota.

Abin da take karɓa daga hannun ɗanta ta ci a gabansa yanzu, sai mai ɓawo. Lemo, ayaba, gyaɗa.

Ita take ɓarewa da kanta.

Darasi: "Ban sani ba, yi mini bayani" ba ta taɓa rage wa kowa daraja ba. Mu da muke jin kunyar tambaya a manyan wurare don kar a raina mu, mu tuna ba cikinmu kaɗai muke cikawa ba. Akwai waɗanda suke ci don sun yarda da mu, kuma yardar nan in ta tsage, yafiya ma ba ta ɗinke ta.

Ka tura wa abokin nan naka da bai taɓa cewa bai sani ba. In ka duba ka rasa shi a cikin abokanka, to ka sake karantawa a nutse.