Aiken Hajiya da Rawar Hannu a Jidda

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da wata maƙwabciyata da za ta Umra. Ni ma Umrar zan yi, amma da aike a bakina. Yayata tana aikin jinya a Jidda, kuma wata ta kawo wa mahaifiyarmu Hajiya labarin cewa 'yar Yayan ta shiga makarantar rawa. Hajiya ta ce in gani da idona, in gaskiya ne in taho da yarinyar ta ƙarasa karatu a gabanta. Ko kilishin da ta ba ni tsaraba, sai da ta ce kada in miƙa sai na tabbatar.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai danƙo, kamar an lulluɓa wa mutum jiƙaƙƙen bargo. Titunan ga faɗi ga kyau, direbobin ne dai babu haƙuri, ba ka jin komai sai "yalla, yalla". Yaya tana unguwar Bani Malik, hawa na uku, saman shagon wani mai gasa gurasa, don haka ƙamshi ke tashin mu kullum. Ranar farko na sayi shayi, na juya kuɗinsa zuwa naira a zuci, sai da na ajiye kofin na huta. Daga nan na daina juyawa don in zauna lafiya.

Bayan mun dawo daga Makka na kawo maganar. Yaya ta yi dariya ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ranar Alhamis ki bi ta." Yarinyar ba ta yi dariya ba. A can aka haife ta, shekararta sha shida, tana jin Hausa amma rabin amsarta Larabci ne. A cikin tasi ta ce, "Khala," wato Inna da Larabci, "in kin ce babu kyau, shi ke nan zan tafi Kano?" Na ce mata mu je dai tukuna.

Makarantar wani falo ne a cikin gidajen ma'aikata, mata zalla, kuma a bakin ƙofa ake zuba wayoyi cikin kwando. Malamar dattijuwa ce 'yar tsibirin Hawayi, tsohuwar abokiyar aikin Yaya, rawar kuwa sunanta hula. Na shiga da fuskata a murtuke, sai na ga kayan kiɗan nasu wani ƙaton gora ne da malamar take bugawa a ƙasa, ɗan'uwan shantunmu sak. Ƙafa ba ta wani aiki sosai, hannu ne ke ba da labari: ga ruwan sama, ga igiyar teku, ga iska. Na riƙe ɗaurin fuskata iya ƙarfina.

Bayan la'asar suka kwashi sarƙoƙin fure da suka haɗa da kansu, muka nufi unguwar Balad, zuwa wani tsohon gida mai tagogin katako inda ake ajiye tsofaffin mata marasa dangi. Ashe duk mako suna zuwa. A can na ga wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan, wadda ciwon ɓarin jiki ya riƙe wa hannun hagu. 'Yarmu ta rataya mata fure, ta durƙusa gabanta, ta ɗaga hannuwa tana sauke su tana kaɗa yatsu.

"Ruwa, Kaka, ruwa."

"Wannan ai yayyafi ne, 'yar nan. Tsaya ki ga ruwan damina."

Tsohuwar ta cije leɓe, ta ɗago mataccen hannun nan har kafaɗa, ta sauke shi a hankali. Mai kula da gidan ta raɗa mini cewa kwanakin baya ko kofi ba ta iya riƙewa. Yarinyar kuma a bakin tsohuwar ta koyi kalmomin yayyafi da marka da tsawa. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Muna isa gida na fito da kilishin daga ƙasan akwati.

Na dawo Kano ni kaɗai. Ban gama ajiye jaka ba Hajiya ta ce, "Rawar take yi ko ba ta yi?"

"Tana yi, Hajiya."

Ta ce in nuna mata hoto, ni kuwa babu, tunda wayata tana kwando lokacin rawar. Dole na zauna kan tabarma da girmana, na yi mata ruwan sama da teku, ina ba ta labarin tsohuwar Balad. A nan na gane abin da tafiyar ta koya mini: labarin da aka kawo maka da baki, je ka da ƙafa kafin ka yanke hukunci.

Hajiya ta daɗe tana kallo na, sannan ta ce hannuna kamar na mai korar kaji. Sai ta ɗaga nata, waɗanda sanyin ƙashi ya kumbura wa gaɓoɓi, ta sauke su a hankali tana kaɗa yatsu.

"A bar ta a makarantarta," in ji ta. "Amma in ta zo hutu, ki ce mata da ni za ta fara."