Mai Zarto na Unguwar Kanawa

Bana shekara ashirin da shida ke nan da aka fitar da mahaifina, Malam Isiyaku, daga gidanmu na Unguwar Kanawa zuwa makwancinsa. Tsofaffin unguwa da suka rage Mai Zarto suke kiransa, kuma duk sanda suka faɗa sai sun yi murmushi. Ni murmushin ba ya zo mini da sauƙi.

Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati, amma zuciyarsa tana wurin inji. Babur ɗinsa ne ɗan gatan gidanmu. Idan wani babur ya wuce ta layinmu muna cin abinci, sai ya ajiye loma, ya karkata kai, ya ce, "Wancan fulogi ke damunsa."

Da aka rage ma'aikata a tsakiyar shekarun tamanin, har da shi. Ya yi watanni yana fita da safe cikin farar rigarsa, yana dawowa ba labari. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da babur ɗin a tsakar gida an farke masa ciki. Umma tana bakin madafa ta riƙe haɓa.

"Malam, abin hawan naka?"

"Ƙafa ma za ta kai ni, Hajara. Wannan ciyar da mu zai yi."

Shi da amininsa Ɗanjuma, makaniki a Kurmin Mashi, suka ɗora injin a kan ƙarfe, suka haɗa masa sarƙa mai haƙora, ya zama zarton da sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Suka riƙa yanka wa masu itace da masu katako gungume. Ya kuwa ciyar da mu, babu wanda ya bar makaranta a cikinmu.

Sai gasa ta shigo. Masu yankan katako kan taru a bayan gari ranar Lahadi da yamma, a jera gungume biyu masu kauri ɗaya, wanda nasa ya riga faɗuwa shi ne gwani. Ba kyautar komai, suna ne kawai. Amma mutumin da aka sallama daga ofis kamar ba a taɓa saninsa ba, a nan ya ji jama'a na ihun sunansa. Ya cire wa injin salansa, wato bututun rage ƙara, wai tana riƙe masa numfashi. Sau ɗaya ya tafi da ni. Da shi da Ɗanjuma suka ja igiyar tayar da injin, ƙarar ta daki ƙirjina, garin katako ya tashi sama, kafin na sauke hannu daga kunne gungumen ya rabe biyu. Ban taɓa ganin Baba yana dariya irin ta ranar ba.

Ɗanjuma yakan cusa auduga a kunne. Baba ya ƙi. "In na toshe kunne, ta yaya zan ji abin da yake gaya mini?"

Abin ya fara ne da ƙara wa rediyo murya. Daga baya maƙwabta suka ce ya daina amsa sallama, wasu har suka ɗauka girman kai ne. Kiran salla ma sai an taɓa kafaɗarsa. Ranar da injin ya fara tari a hannunsa bai ji ba, sai da Ɗanjuma ya yi masa nuni, sannan Baba ya kashe shi, ya bar wa Ɗanjuma. Bai sake zuwa filin gasar ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar saukata ta Alƙur'ani. Ya zauna a sahun gaba, ya kafa wa bakina ido har na idar. Da aka shafa, ya nufi inda mata suke, ya tambayi Umma da ƙarfi, don bai san ƙarfin muryarsa ba: "Ta yi daidai? Muryarta da daɗi?" Wasu suka fara dariya, sai wurin ya yi tsit. Umma ta gyaɗa kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Yan shekaru bayan haka ya yi gajeriyar jinya, Allah Ya karɓi abinsa.

Yau masu yankan itace da abin rufe kunne suke aiki, kuma akwai na'urar ji wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Nakan ce ina ma ya kai wannan zamani. Amma da ya ga babur mai caji yana wucewa shiru kamar ɓarawo, na san cewa zai yi mara lafiya ne. Na taɓa tambayar Umma ko tana jin haushin zarton nan. Ta ce, "Ya ci masa kunne, amma ya bar masa mutuncinsa."

Zarton ya daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Abin da Baba ya bar mana yana maƙogwaronmu. Mu biyar da ya haifa, duk da ƙarfi muke magana, domin haka muka tashi muna yi da shi. A ofis an sha yi mini tsiya. Jiya ma ina masa addu'a bayan magariba, 'yata ta leƙo ta ce, "Mama, ki rage murya, Allah Yana ji ai."

Na ce mata na sani. Amma maganar Baba ce, ban iya yin ta a hankali ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya jiyar da kai abin da ya fi wanda ka rasa.