Saƙon Baba Tinni na Garkar Gari

Ina kan keken ɗinki ranar Talata da hantsi, ina fama da wuyan wata riga da mai ita ya rantse ba zai bar rumfata ba sai da ita, sai ga Hamidu masunci ya tsaya a bakin ƙofa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ko sallama bai yi ba. Ya ce an tarar da Baba Tinni a garkar gari, wato lambun itatuwanmu, zaune ya jingina da gindin lemo, garewanin ruwansa biyu da muke ce wa tuku cike a gefensa, rai ya yi halinsa. Na yi salati, mai riga ma ya yi, amma ƙafata ta ci gaba da taka keken ita kaɗai har allura ta karye. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne saƙonsa da ke hannuna shekara shida ban isar ba.

Waɗanda suka san shi a 'yan shekarun nan na mulkin kai, dattijo suka sani mutumin ƙasar Dandi, dogo siriri, wanda kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda sandar ɗaukar ruwa. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan mai da mace namiji ya mai da namiji mace, mu yi ta tsokanarsa muna cewa ya aurar da liman ya naɗa wa matarsa rawani. Sai ya yi dariya ya ce mu gwada nasa yaren ya ji. Ba albashi yake ci a garkar ba, ba kuma wanda ya naɗa shi. Duk da haka ko akuya ta san garkar gari ta Baba Tinni ce.

Manya kuwa sun san wani Tinni daban. Zamanin Nasara kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka dasa garkar nan a kan tudun da ke kallon kogi, mangwaro da lemo da gwaiba layi-layi. Ba famfo, ba inji. Mutane aka riƙa ɗebowa daga gari da ƙauyuka aikin tilas, su ciko tuku a kogi su hau tudun da shi tun safe har rana ta karkata. Tinni a lokacin saurayi ne mai ƙarfi, yana jin yaren kowa, sai aka ba shi bulala aka ɗora shi a kansu. Cikin waɗanda aka ɗeba wata bazara har da yayana Mamman, ɗan farin Innarmu. Da zazzaɓi ya tafi. Da la'asar aka kawo mana shi a kan ƙyauren kara, bai kai magariba ba. Ina ɗan shekara goma.

Da Nasara suka tafi, garkar ta zama marainiya. Awaki suka cinye ƙananan, masu neman itacen girki suka fara da rassan manya. Wasu ma cewa suke a sare ta duka a huta, tunda gumin iyayenmu ne a gindinta. Cikin haka aka wayi gari ana ganin Tinni, furfura ta riga ta fito masa, yana hawan tudun da tuku biyu shi kaɗai. Mutane suka ce ai ya rasa wanda zai kora ne, shi ya sa yake korar kansa. Ya yi rani guda cur a haka, ba wanda ya ce masa sannu. Da lemon ya sake toho, kunya ta kama gari, sarkin samari ya sa aka yi shelar aikin gayya ranar Lahadi. Na je. Ban je don lada ba, na je ne in ga mutumin da ya kashe yayana yana nishi a ƙarƙashin kaya.

Na gan shi kuwa, sai dai ban sami daɗin da na zo nema ba. Shi ne farkon sauka kogi, shi ne ƙarshen hawowa. Bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba, ko ga samarin da suka zo don 'yan mata kawai. In ya ga wani ya kwara ruwa a gindin itace gaba ɗaya, sai ya matso ya ce: "Zuba a hankali, ba gobara kake kashewa ba." In kuma ya ga wani ya fara haki, sai ya karɓe masa tukun da kansa ya nuna masa inuwa. Maganarsa a nan guda ce, mun ji ta har mun haddace: "Wanda ya gaji ya zamna. Nan ba a tilasta ma kowa." Yara suna kwaikwayonsa da ita suna dariya. Mu da muka san inda maganar ta fito ba ma dariya.

Shi ya raɗa wa layukan suna. Wannan layin Karakara ne, wancan na Zabori, na can ƙarshe kusa da shinge na Junju, kowane da sunan garin da mutanensa suka shayar da shi da kafaɗunsu. Ranar tsinka, wadda ta zama mana kamar ƙaramar salla, gari kan fito kwansa da kwarkwata. Makaɗa su zauna a gindin babban mangwaro, mata su zo da fura da kwaɗon ganye, samari su hau sama, tsofaffi su zauna suna ba da umarnin da ba mai bi. A kasa 'ya'yan itacen kashi-kashi, kowace unguwa da nata, a ware na marasa lafiya da na baƙin da ke tasha. Amma kafin kowa ya taɓa, Baba Tinni kan cika kwanduna uku a ɗora wa jakuna zuwa garuruwan nan uku. Ya kuma hana a tsinke rassan ƙasa. Yakan ce a bar su don yara da gajeru, sai ya dube ni, don Allah bai hore mini tsawo ba.

Shi ya koya mini auren itace, yadda ake yanko reshen mangwaro mai daɗi a haɗa shi da gindin mai jijiya a ɗaure. Ya ce hannun tela ya fi na kowa dacewa, ni kuma ina da ƙyallaye a banza. Shi ya sa duk wanda ya shiga garkar zai ga ƙananan itatuwa sanye da guntayen atamfa da shadda, kamar 'yan biki. Shekarar da matata ta kwanta ciwo wata biyu, kullum da safe sai na tarar da lemon tsami a ƙofar gida, ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Saƙon kuwa, a tsinkar farko ya ba ni shi. Mutane sun watse, muna tattara kwanduna, ya kira ni gefe. Ashe tun ranar da na fara zuwa ya gane ko ni ƙanin wane ne. Ya ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni: Mamman ya roƙe shi sau biyu ya bar shi ya zauna, ya ƙi, don gardi, dogarin kumandan, na kallo. Ya zuba masa bulala ɗaya. A hawa na uku ya faɗi. Bai ɗora laifin a kan gardin ba, bai ɗora a kan kumandan ba. Ya ce ba shi da fuskar da zai taka ƙofar gidanmu, kuma irin wannan magana aike ake yi.

"Isufu," ya ce, "Allah yana yafe nashi. Na mutum, sai mutum ya yafe. Ka ce ma tsohuwa Tinni yana roƙon gafara."

Na ce to. Ban faɗa mata ba. Shekara ta zagayo, aka yi tsinka, ya sake jana gefe ya tambaye ni abin da tsohuwa ta ce. Na ce ba ta ce komai ba tukuna. Ban yi ƙarya ba, na gaya wa kaina, ai ba ta ce ɗin ba. Ya sunkuyar da kai ya ce tana da gaskiya, a ba ta lokaci. Haka muka yi sau shida. Daga baya ma ba ya tambaya da baki, duba na kawai yake yi in girgiza kai.

Na yi wa kaina dalilai masu kyau. Na ce ba na son in tayar wa Inna da tsohon miki, tunda shekara ashirin da wani abu ban taɓa jin sunan Mamman a bakinta ba. Alhali na sani, kowa ma ya sani, uwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan farinta ko yana raye, balle ya mutu. Kunyar ɗan fari ce na ɗauka na mai da ita hujja. Ainihin dalilin ya fi wannan muni. Ina son mutumin nan, na ci abinci da shi, na ba shi ɗana ya yi masa addu'a ranar suna, amma akwai wani abu a cikina da ke jin daɗin ganinsa yana jira. Ina ganin kamar muddin yana jira, ba a manta da yayana ba. Kullum ina cewa badi zan faɗa.

Da aka jera sahu za a yi masa salla, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya dubi Allah ya yafe masa. Akwai tsofaffi daga Zabori da Karakara da suka taɓa shan bulalarsa, na ji muryoyinsu cikin masu cewa mun yafe. Ni ma bakina ya motsa. Amma ba tawa yafiyar ya nema ba, kuma mai ita tana gida, mata ba sa zuwa makabarta.

Daga can ban biya ko'ina ba. Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na tsuguna na gaya mata komai, har da sau nawa ya tambaya da abin da nake ce masa. Hannunta ya tsaya. Ta ce tun ranin farko, in ta je wanki bakin kogi, tana hango shi yana hawan tudun da tuku, ta ce a ranta wannan bawan Allah ya ga abin da ya aikata. Ta ce mangwaron da nake kawowa gida duk shekara ta san daga inda yake, ta kuwa sha.

"Ni tun sannan na yahe mishi," ta ce. "Jira nike ya aiko. Mace ba ta zuwa ta ce ma namiji ga gafara na kawo maka. Na ɗauka girman kai ya hana shi." Ta ɗago ta dube ni. "Ashe ya aiko."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce in tashi in je in gaya wa matarsa. Na sami matar tasa, Iya Hamsatu, cikin mata masu gaisuwa, na roƙi a ba mu wuri, na faɗa mata. Ta ce akwai ranakun da yakan dawo daga garka ya ture tuwo ya ce har yanzu tsohuwa ba ta huce ba. Ta share ido da bakin zanenta ta ce da ma ya ji da kunnensa.

Ranar Lahadin da ta wuce mun fita gayya kamar kullum. Mangwaro ya ɗauki 'ya'ya sosai bana. Aiki ya tafi daidai, sai dai duk lokacin da na duƙa zan zuba ruwa, sai in ji kamar akwai mai tsayuwa a bayana yana jiran mutane su watse. Ba na waiwayawa. Na rubuta wannan ne don masu makoki su san wanda suka binne, su kuma san cewa nauyin da ya tafi da shi an sauke masa tun tuni, ni na hana shi sani.

Allah ya jiƙan Baba Tinni, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ruwan da ya ɗauka da tsufansa ya wanke masa na ƙuruciya. Allah ya jiƙan yayana Mamman da duk waɗanda suka hau tudun nan ba da son ransu ba. Allah ya ba Iya Hamsatu da 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ya tsaya musu, ya albarkaci bayansa. Ya Ubangiji, kai ne mai isar da abin da bawa ya kasa isarwa. Ka sanar da bawanka Tinni a inda yake kwance cewa tsohuwa ta yafe, kuma ba ita ta sa shi jira ba. Amin.