Fitilun Bayan Motar Odell

Ranar Talata na tafka abin kunyar da matata za ta riƙa ba jikokinmu labarinsa har bayan raina. Da silifas na shiga a-kori-kurar maƙwabcina, Mista Odell Grissom, don in taya shi gwada fitilun baya. Aikin bai taka kara ya karya ba: ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama, ka saka giyar baya ƙafarka na kan birki, shi yana tsaye a bayan mota yana kallo. Ina tsaka da ba shi labarin sababbin haƙoran fastonmu, silifas ya zame. Tsoho ya daka tsallen da rabonsa da shi tun yana saurayi, mota kuma ta je ta rungumi akwatin wasiƙun ƙofar gidana. Nawa fa, ba na kowa ba. Fitilar hagu ta tarwatse.

Ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya kakkaɓe. "Wendell, Ubangiji ya gama aiki a bakinka, da ya zo ƙafa kayan aiki sun ƙare."

Ranar bai fita aiki ba. Odell ba ya hawa titi da matacciyar fitila, ko da gobara ce ta biyo shi.

Yankan ciyawa ce sana'arsa. A nan gefen namu na Alabama aka haife shi, ƙetaren layin dogo, inda mu baƙaƙe muke. Ciyawar da ake biya a yanka kuwa tana can kan tudu, a unguwar fararen fata. Baƙin mutum cikin tsohuwar mota, baya cike da injuna, yana tafe a hankali yana duban gidaje: shi wurin aiki yake nema, ɗan sanda kuwa ɓarawo yake gani. Dalili ba ya yi musu wuya. In ba a ce ka taka layi ba, a ce fitilarka ta baya ba ta kamawa, tunda kai da ke zaune a gaba ba ka da idon ƙeya.

Ubansa ne ya koya masa yadda ake fita a dawo. Lasin yana ajiye a fili gaban sitiyari, kada hannu ya nufi aljihu. In an tsayar da kai ka sauke gilashi, ka kashe mota, ka shimfiɗa yatsu goma a kan sitiyari. Ko ɗan sandan sa'an jikanka ne, "yallaɓai" ne. Duba fitila kuma Odell ne ya ƙaro da kansa. Kowace safiya matarsa Earline takan fito da rigar barci da kofin kofi a hannu, ta taka masa birki tana mita.

"Ta kama, Odell? Ƙwaina na kan wuta!"

"Ta kama, Shugaba." Haka yake kiranta, a gida da waje.

Duk da haka ana tsayar da shi. Ya daina lissafi tun 'yarsu Lavonda tana goye. Sau ɗaya tak ya yi gardama, kuma ba ma gardama ba ce. Wani ɗan sanda ya ce masa fitilar birki ta mutu. Odell, da girmamawa, ya ce, "Yallaɓai, da safen nan muka duba ni da matata."

"Ƙarya na yi ke nan, yaro?"

Yaron nan a lokacin furfura ta fara fito masa. Aka fizgo shi daga mota, aka murɗe hannu, aka buga gefen kansa a bonet, aka sa ankwa. Da yamma aka sake shi, babu tuhuma, babu ban haƙuri. Ya koma gida kunnen hagu yana zubar da jini. Daga ranar kunnen ya rufe shago.

Masu iya magana ba su yi ƙarya ba: in kunne ya ji, jiki ya tsira. To kunnen hagu shi ne na wajen taga, daidai inda ɗan sanda yake tsayawa ya ba da umarni. Shekara da shekaru kunnen dama yana ɗaukar nauyin biyu, yanzu shi ma ya fara gajiya.

Da Earline ta rasu, sai aikin birki ya faɗo kaina, don ni ne mafi kusa kuma ba ni da abin yi da safe sai surutu.

A watan jiya aka sake tsayar da shi a kan tudu. Wani matashin ɗan sanda ya tsaya ɗan baya da taga yana magana. Odell yana jin ƙara, ba ya jin kalma. Fito aka ce? Kada ka motsa aka ce? Ya juyo da kafaɗa don ya kawo kunnen dama, sai ya yi ido biyu da bakin bindiga. Ya daskare a karkace, yana ta maimaitawa da ƙarfi, "Kurma ne ni, yallaɓai! Kurma ne ni!" har ɗan sandan ya sauke bindigar. Aka sallame shi da gargaɗi: ya je ya gyara fitila. Fitilar da muka gwada da safe.

Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na gaya wa matata kawai, matata kuma ta gaya wa Lavonda a Atlanta. Haka asiri yake tafiya a layinmu.

Da labarin akwatin wasiƙa ya kai wa Lavonda, sai ga waya.

"Kawu Wendell, Allah ya yi wa ƙafar nan albarka. Yau ne kaɗai na yi aiki hankalina kwance."

"'Yar nan, saura ƙiris in take miki uba."

"Kai da kuskure za ka taka shi. 'Yan sanda fa? Na gyara masa ɗaki a nan, ya ƙi. Ka san ba zai fita ba sai an duba fitila. Don Allah ka daina taya shi. Ka ce ƙafarka ce ke ciwo. Ba na son in ga ubana a labarai."

Washegari na fito na same shi ya riga ya ɗaura sabuwar fitila, yana goge ta da gefen riga. Na tsaya nesa da mota, hannu cikin aljihu.

"Mista Odell, na ajiye aiki."

"Me?" Ya juyo da kunnen dama.

"Na ce na yi ritaya daga birki! Kai ma ka yi. Ka tafi Atlanta ka ci soyayyen kifi da burodin masara, jikoki su hau maka ciki. Ciyawar Turawa ba za ta yi maraici ba."

"Lavonda ce ta aiko ka."

"Ni ɗan aike ne? Da girmana?"

"Da girman bakinka dai." Ya jingina da mota, yana kallon layin dogo. "In na zauna a ɗakin da ta gyara, sai me? In riƙa leƙen titi ta labule? Sun karɓi kunne. Motar kuma ni zan kai musu da hannuna?"

Na ce, "To tsakani da Allah, fitilar nan ta taɓa hana su tsayar da kai? Tun Earline na amarya kake dubawa. Lafiyarta lau ranar da suka fasa maka kunne, lafiyarta lau watan jiya. Wahalar me kake yi?"

Ya buɗe ƙofa ya hau da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya zauna a mazaunin da na saba zama.

"Koma baya ka tsaya," ya ce. "Ba a ba ka birki kuma. Yau ido za ka ba ni aro."

Na so in ƙi. Na tuna muryar Lavonda. Amma na san ko na ƙi, sandar tsintsiya zai tokara a birkin ya zagaya ya duba da kansa. Na ja silifas na koma baya.

Ya taka. Fitilu biyu suka kama jawur.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Da ƙarfi, ba na ji!"

"Na gani! Duka biyun!"

Ya ajiye lasin a gaban sitiyari, ya tayar da mota, ya leƙo ta taga.

"To riƙe shi da kyau. Ranar da 'yan sanda suka gaya wa 'yata wai matacciyar fitila ce ta jawo mini, bakin nan naka da ba ya rufuwa ya samu aikin yi."