Ƙotar Bindigar Mijin Perpetua

Tassiou bai taɓa harba bindiga ba. Sai da na sake tambayarsa don in tabbatar, domin duk wanda ya leƙa garejinsa a garin Pleasant Garden zai ga ƙotocin bindigar farauta jere a bango. Katako ne zalla. Masu su ne suke kwance ƙarfen su kawo masa icen, saboda matarsa Rachida ta ce ranar da bakin bindiga ya shigo gidan, ita da yara za su fita ta ƙofar baya.

Mutumin Tessaoua ne, ɗan masassaƙi. A kamfanin kujerun da nake aikin ofis, shi ne mai tuƙa motar ɗaga kaya. Wani abokin aikinmu ne ya fara kawo masa tsagaggiyar ƙota, daga nan abin ya zama masa na Asabar da Lahadi. Na taɓa zama na kalle shi. Yakan kankare tsohon fentin, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma inda katakon ya lotsa, ya danna da dutsen guga har wurin ya taso. Sai sanfefa, sai mai, wanda yake shafawa da tafin hannu ya bar icen ya sha.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ya awo. Ya ce idan manomi ya zo wurin mahaifinsa neman ƙotar fartanya, tsohon ba ya tambayarsa komai. Yana cikin gaisuwa zai ƙare wa hannunsa da bayansa kallo, ya sassaƙa masa daidai jikinsa. A gidansu, tambayar mai kaya yadda yake so alama ce ta rashin iya aiki.

Perpetua maƙwabciyar su Tassiou ce, tsohuwar malamar makaranta, 'yar gajeriya. Ita ke tarbar yaransu a bakin titi idan motar makaranta ta sauke su, tun babbarsu Chamsiya tana ƙarama. Mijinta, wani dogon mutum mai son farautar barewa, ya rasu bara. Ta kawo ƙotar bindigarsa naɗe a tawul, ta ce a wanke ta a fito da hasken katakon. Tana magana, Tassiou yana kallon hannunta. Bayan ta tafi ya ɗauki zarto ya rage gindin da faɗin yatsa uku, ya kuma siranta wurin riƙo.

Rachida ce ta tsinci guntun a ƙasa. A jikinsa akwai ƙananan zane-zane na wuƙa, da alama kowace barewa da nata.

"Baban Chamsiya, wa ya sa ka?"

"Hannunta gajere ne."

"Ta ce maka harbi za ta yi? A bango za ta rataye ta, ta riƙa ganin mijinta. Kai kuma ka guntule shi. Bon, shi ke nan, sai ka san wanda zai riƙa tarbar yaranka."

Ya gaya mini ya daɗe yana juya guntun a hannu. Da gam zai koma, amma layin zai fito, kuma wurin riƙon da ya siranta ba shi da magani. Ya ƙarasa aikin, ya shafa man, ya naɗe ƙotar da guntun cikin tawul ɗinta, ya tsallaka gidan Perpetua.

Ba ta ce masa ya zauna ba. Ta bi zanen wuƙar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Can ta ɗauki ƙotar ta kafa a kafaɗa, ta saita taga, yatsanta ya sauka daidai inda kunamar bindiga take zama. Ta jima a haka. Ta ce farkon aurensu mijinta ya sha fita da ita daji, kullum sai ta kuskure, yana yi mata dariya, har ta haƙura ta yarda idonta ne ba shi da kyau.

"Ashe hannuna ne bai kai ba," in ji ta.

Sannan ta gaya masa cewa bai nemi izininta ba, ranta ya ɓaci, ya koma gida.

Ta ɗauki makonni Rachida kawai take gaisarwa. Idan ya fito shara ya ɗaga mata hannu, sai ta duƙa tana gyaran furanninta. Ana gab da buɗe lokacin farautar barewa, ran wata Asabar da hantsi, ta shigo garejin da ƙotar a hammata. Ta ce wurin da kunci yake kwanciya ya ɗan yi mata tudu, a rage. Tassiou ya miƙa hannu zai karɓa, ta riƙe.

"Ina nan tsaye za ka yi shi," ta ce. "Kuma idan na ce ya isa, ya isa."