Ɗaya Cikin Huɗu

Ina aji biyu na babbar sakandare aka gano ciwon da ke damun ɗan Yayata. Tun kafin ya fara rarrafe hannayensa da ƙafafunsa ke kumbura, ya yi ta kuka har murya ta dushe. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce amosani. Da aka gaji sai aka kai shi asibiti a Katsina, aka ɗebi jininsa da na uwarsa da na ubansa. Yaro SS, iyaye duka biyu AS. Sikila ce.

Mijin Yaya ɗan Gwaggonmu ne, ƙanwar Baba da ta yi aure a Maraɗi. Direba ne, yana ɗauko albasa da wake daga can, ya tsallako ta Magama ya sauke a kasuwar Jibiya. Shi ɗan mace, mu 'ya'yan namiji, saboda haka taubashina ne tun ina goye. Da ya auri yayata sai wasan ya zama riɓi biyu. Ban taɓa yin zance da shi ya ƙare ba tare da dariya ba. Likita yake ce mini, don kullum ya shigo gidanmu kaina na cikin littafi, kuma yakan yi rantsuwa cewa yaron motarsa zai aura mini ko na koyi magana.

A zangon nan ne muka karanta darasin gado. Na so shi fiye da kowane darasi, domin komai nasa a tsare yake. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwaya biyu ta irin jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa lau, amma rabin abin da zai iya bai wa ɗansa S ne. Idan S ta uwa ta gamu da S ta uba, shi ke nan. A kowane ciki, yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu.

Wata Juma'a Yaya ta zo gida ta ja ni ɗaki. Ta ce malamar asibiti ta ba ta shawara ta dakata da haihuwa, su zauna da mijinta su yi tunani sosai. Ita ta yarda, don ta ga abin da yaron ke sha. Amma ta kasa yi wa mijin bayani, da ta fara sai ta rikice. Ta roƙe ni in je in yi masa, tunda ni na karanta.

Na yi shiri kamar mai zuwa jarrabawa. Na samo ƙoƙo biyu, na sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowanne. Na je bayan la'asar, na same shi ya dawo daga hanya yana cin dambu a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsokane ni, na bari ya gama. Sannan na ce wannan ƙoƙon shi ne, wancan Yaya. Na rufe ido na ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowanne. Ja da ja shi ne ciwon. Na mayar, na girgiza, na sake ɗauka. Na yi ta yi yana kallo, har ya daina taunawa.

Ya ce, “Tsaya, Likita. Cikin huɗu, nawa kika ce?”

Na ce ɗaya.

“To alhamdu lillahi. Ai namu ya riga ya hita.”

Sai ya shiga yi mini nasa bayanin. Ya ce su direbobi ba sa tasowa ɗaiɗai, a jere suke zuwa, mota huɗu ko biyar. In 'yan duwan, wato kwastan, suka tsare ta gaba suna sauke kaya suna dubawa, na baya wucewa suke. Kowa a tasha ya san haka. Yaron nan shi ne motar da aka tsare, uku na bayansa hanya a buɗe take.

Na ce masa ba haka ba ne. Ciki bai san abin da ya sami wanda ya riga shi ba, kowanne lissafinsa sabo ne. Na nuna masa yadda nake mayar da waken kafin in sake ɗauka.

Ya ce, “Ke kika maida waken da hannunki. Yaron an maida shi ne? Ga shi nan zaune.”

Ya yi dariya, ya ce wa Yaya ƙanwarta ta koyi caca a makaranta. Na maimaita maganata sau biyu, a hankali, kalma bayan kalma. Ya ce in kwashe wakena kafin kaji su cinye mini ilimi.

Na kai maganar wurin Inna, ta ce haihuwa ta Allah ce, kuma budurwa ba ta shiga irin wannan zance. Na daure na kai wa Baba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gane, amma da wane baki zai zaunar da surukinsa, ɗan ƙanwarsa, ya yi masa maganar shimfiɗarsa? Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Waɗanda zai ji maganarsu kunya ta hana su yi. Ni da al'ada ta ba ni damar faɗa masa komai, duk abin da na faɗa wasa ne.

Wasan kuma bai hana mijin Yaya ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi ba. A tasha ya baza cewa ƙanwar matarsa mai karatun likita ta yi lissafi, ta ce uku masu zuwa lafiyayyu ne. Wata mata ta taso tun daga Daddara ta same ni a gida, jikarta na da ciwon, tana so in tabbatar mata. Na ce mata ba gaskiya ba ne. Ta dube ni da kyau ta ce, to amma ai an ce ni na faɗa.

Shekara ta zagayo Yaya ta haifi mace, ƙatuwa, ja jawur. Gwaggo ta zo suna daga Maraɗi da buhun gero da turamen zane. Shi kuwa ya miƙo mini jaririyar yana cewa in duba, mota ta biyu ta wuce. Na ce a kai ta gwaji. Ya ce mai lafiya ba ya neman likita. Ban yi musu ba, domin ni ma na so ya zama shi ke da gaskiya. Uku cikin huɗu ba kaɗan ba ne.

Yarinyar ta fara zama ke nan yatsunta suka kumbura. Yaya ba ta jira an gaya mata ba, ta san kukan. Gwajin Katsina ya zo da abin da ta riga ta sani.

Ranar da mijin Yaya ya zo zauren Baba ina bayan ƙofa ina shanya. Shi ne karo na farko da na ji ya ambace ni babu dariya.

Ya ce, “Kawu, ɗiyarka ta ce mini ɗaya cikin huɗu. Ga biyu cikin biyu.”

Ya ce ko dai boko ƙarya ne, ko kuma jinin matarsa ya fi ƙarfin lissafi. Gwaggo ta aiko da nata saƙon, cewa a danginsu ba a san wannan ciwo ba, ita da Baba kuma ciki ɗaya suka fito, saboda haka a duba wajen Inna. Ta manta an ɗebi jinin ɗanta. A nawa hasashen ma, abin da ya fi kusa shi ne ta wajen Baba da Gwaggo ƙwayar ta biyo, daga iyayen da suka haife su tare. Na faɗa wa Inna haka don ta daina kuka. Ta ce kada in kuskura Baba ya ji.

Bayan ƙaramar salla ya kawo Yaya gida da yaran biyu, wai ta huta. Yana aiko da hatsi ta hannun wasu direbobi, amma shi in ya sauke kaya a kasuwa juyawa yake. Ɗakina muka raba da ita. Na koyi gasa gaɓoɓi da tawul mai ɗumi, na koyi lallaɓa yaro ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi.

Wata safiya cikin damina ƙaramar ta tashi da ciwo. Yaya na riƙe da ita a cinya, ni ina matse tawul. Ba ta ɗago kai ba ta ce watanta biyu ba ta ga al'ada ba, da cikin ta zo gidan. Ta ce tunda biyu sun riga sun fita, ko wannan zai tsira?

Na ce mata zai iya tsira, uku cikin huɗu. Ta ce ba shi ta tambaya ba, ko biyun farko sun rage masa wani abu? Na ce ba su rage komai ba.

Ta ci gaba da murza yatsun yarinyar. Can ta ce, “To. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ruwan ya huce, ƙaro mai zafi.”