Maki Arba'in Da Na Ba Maiyama

Har gobe ba zan manta da safiyar da na fara ganin Malama Rukayya ba. Tana tsaye a bakin filin ƙwallon kwando na wata makaranta a Jega, filin kuwa an rufe shi kaf da shanyar barkono, ja wur. Ta ɗaga ƙwallo daga can nesa ta jefa, ta wuce ta cikin kwando ko gefensa ba ta taɓa ba, ta faɗa tsakiyar shanya. Ƙurar yaji ta tashi, na yi atishawa sau bakwai. Kafin ta takwas na riga na gama raɗa wa 'ya'yanmu suna.

A lokacin ina shekarata ta biyu a aiki, mataki na shida, ƙaramin jami'in wasanni a ofishin da ke kula da makarantun Jega da Aliero da Maiyama. Abin da na sani game da ƙwallon kwando bai wuce cewa akwai ƙwallo akwai kwando ba. Littattafan soyayya kuwa, waɗanda ake bazawa a tabarma ranar kasuwa, babu wanda ban karanta ba. A cikinsu na koyi cewa mace ba ta mantawa da namijin da ya yi mata sadaukarwa a gaban jama'a. Na ƙudura sai na yi wa Malama Rukayya tawa.

An shirya gasa tsakanin makarantu uku, to amma barkonon na dattijon da ya ba makarantar filin ne tun asali, babu mai iya ce masa ya kwashe. Shugabanmu Malam Bello, mataki na goma sha biyu, mutum ne da ba ya soke abin da ya riga ya shiga jadawali. Ya dubi shanyar ya ce, "Tunda ba a iya bugawa da hannu, a buga da baki." Aka mayar da gasar muhawara: a duk ƙwararrun 'yan wasan kwando da aka taɓa yi a duniya, wane ne na ɗaya?

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba su taɓa zama a teburin alƙalai ba. Kowace makaranta ɗalibai biyu, kowa minti biyar. Alƙalai uku: jami'in ofis, wato ni, malami daga makarantar da ba ta cikin gasa, wato wani Malam Sani mai koyar da lissafi a Kimba, sai uban taro, Alhaji Mamman, babban dillalin albasa a Aliero. Takardar maki tana da gida huɗu, hujja da kwararar magana da ladabi da kiyaye lokaci, kowane gida maki goma. Makarantar da alƙalai biyu suka sa a gaba ita ta ci. In kowa ya zaɓi tasa, sai a duba wadda ta fi yawan maki a takarda guda. Kuma doka ce shugaba ya karanta takardar kowane alƙali a bainar jama'a.

Sunayen 'yan wasan sun gagari bakin manya, sai Malam Bello ya ce a yi amfani da laƙabin da yara ke kiransu da shi a gidan kallo. Aka jefa ƙuri'a. Jega ta sami Mai Tashi, Aliero ta sami Gagarau, 'yan matan Maiyama, waɗanda Malama Rukayya ta kawo, suka sami Maharbi.

Na yi lissafina tun kafin a zauna. Alhaji ɗan Aliero ne, Malam Sani kuwa na ji shi yana yabon Mai Tashi a wajen mai shayi. Za su rabu. In na ba Maiyama arba'in bisa arba'in, kofi ya tafi Maiyama, ni kuma na shiga zuciyar Malama ta babbar ƙofa. Na cike takardata tun ana addu'ar buɗe taro, na kife ta.

'Yan Jega suka fara. Suka ce Mai Tashi mutum ne da in ya daka tsalle sai ka sha ruwa ka dawo bai sauko ba. Duk sanda ya kai wasan ƙarshe, da kofi yake komawa gida. Kuma duk waɗanda suka zo bayansa kwaikwayonsa suke yi. 'Yan Aliero suka ce ƙwarai, amma shekara nawa ya yi? Gagarau ya daɗe a fili har ɗan cikinsa ya girma ya tarar da shi yana wasa, kuma babu gurbin da ba ya iya tsayawa. Wani ɗan Jega ya ɗaga murya daga baya, "Yau yana wannan ƙungiya, gobe yana waccan, kamar ɗan achaba!" Sai da aka fitar da shi.

Yarinyar farko ta Maiyama ta yi ƙoƙari. Ta ce Maharbi ba shi da tsawon waɗancan, ba shi da ƙirjinsu, amma daga nesa yake jefawa, har ya sa duniya ta sake salon wasan. Ta biyun ta fito, ta yi sallama, ta dubi taro, sai komai ya ɓace mata. Ta tsaya. Muka jira. Aka ji kukan akuya daga bayan aji. Bayan kamar minti biyu ta ce, "Na gode," ta koma ta zauna tana hawaye. Hankali ya ce min in juyo da takardata in gyara. Na dubi Malama tana share wa yarinyar ido da gefen mayafinta, na ce a raina yanzu ne ma sadaukarwar za ta yi daɗi.

Malam Bello ya nemi takardar Alhaji Mamman. Babu ko ɗigo a kanta. Alhaji ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da albasa uku, ya jera a tebur.

"Ranka shi daɗe, ni ban san biro ba, wanga shi na aikina," in ji shi. Ya ɗaga ta farko, ƙatuwa mai sheƙi. "Mai Tashi ke nan. Ita aka ɗorawa bakin buhu, mai saye shi gani shi ruɗe." Ya ɗaga ƙarama. "Wagga Maharbi. Ba ta da jiki, amma in ta shiga miya kowa ya san ta shiga." Sannan ya ɗauki ta uku, mai busasshen ɓawo, ya ƙwanƙwasa ta da farce. "Wagga ko, ka aje ta cikin rudu, rumbunmu na albasa, tun rani, damina ta zaka ta iske ta lahiya lau. Mu wurinmu albasa ajiya ta. Gagarau shi na na ɗaya."

'Yan Jega suka ɗauki ihu, "Son kai! Ɗan garinsu!"

Alhaji ya juya ko a jikinsa. "Ɗan garinmu? Yaro, mutumen ga ko Aliero ya sani? In naku shina ajiya, mi ya hana shi daɗe?"

Malam Bello ya tambaye shi maki nawa za a rubuta. Ya ce a sa talatin da biyar, don babu buhun da ba a samun ruɓaɓɓiya a ciki.

Takardar Malam Sani ta zo yadda na zata. Jega talatin da uku, Aliero talatin da ɗaya, Maiyama sha tara. A gidan kwararar magana maki huɗu ya ba 'yan Maiyama. Na harare shi a madadin Malama.

Sai tawa. Malam Bello ya gyara tabarau. "Malam Kabiru. Maiyama: hujja goma. Kwararar magana goma." Ya dakata, ya kalle ni ta saman gilashi. "Ladabi goma. Kiyaye lokaci goma."

Na sunkuyar da kai irin na jarumi mai kunya, ina jiran tafi. Sai na ji kujera ta motsa.

"Yallaɓai, a ba ni dama," in ji Malama Rukayya. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam Kabiru, ɗalibata ta yi shiru minti biyu. Wace maganar ce ta kwarara?"

Na ce, "Malama, akwai shirun da ya fi magana."

A littafi, nan ne take sunkuyar da kai ta yi murmushi. A Jega, ɗakin ne ya fashe da dariya, har da Alhaji yana buga tebur albasarsa na gangarewa.

Ta ce, "Mako uku ina koya wa yaran nan cewa in ba su shirya ba, za su faɗi. Yau ɗaya ba ta shirya ba, ka miƙa mata kofi. Gobe me zan ce musu? Ba mu karɓa ba."

Malam Bello ya shafa takardata da yatsa ya ce, "Tawadar nan ta bushe tun ɗazu." Ya soke ta da jan biro, ya sa hannu da kwanan wata kamar yadda doka ta ce. Sannan ya zare biron daga aljihuna ya miƙa wa Malama, tunda makarantarta ta fita kuma kowa ya ga irin adalcinta. Ta ba Jega, saboda su suka fi tsara hujja, kofi ya zama nasu. Ta ƙara da cewa ita a ranta Maharbi ne gwani, amma ba ranta aka tambaya ba. Alhaji ya ce bai yarda ba, ya kuma ba ta albasar uku kyauta.

Na bi ta har tashar motocin Maiyama da jawabin ban haƙuri da na haɗa daga littattafai kusan huɗu. Ta saurara har na kai wajen da zuciyata ta zama kango. Ta ce, "Malam Kabiru, ka taɓa kallon wasan nan daga farko har ƙarshe?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka fara da wannan." Mota ta tashi.

Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗina, wata uku kuma ina ƙirga raga da ƙwallaye a sito. A can na fahimci abin da nake gaya wa duk sabon da aka turo mana. Gardamar wane ne gwanin gwanaye ba ta ƙarewa, don kowa da ma'auninsa: wani kofi, wani daɗewa, wani salo. Babu laifi a ma'auni, in dai ka ɗora shi a tebur kowa ya gani, kamar yadda Alhaji ya yi. Nawa ma'aunin a ƙirji na ɓoye shi, kuma mutanenmu suna yafe wa alƙalin da ya yi kuskure, amma ba sa son wanda ya yi musu alfarmar da ba su roƙa ba.

Malama Rukayya yanzu ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata a yankin Maiyama, 'yan wasanta kuma babu mai son haɗuwa da su. Ta yi aure shekara biyu bayan muhawarar. Ni na raba katin gayyata a ofis. Malam Sani ta aura, wanda ya ba ɗalibanta maki huɗu.